Farautar Ajiya da GPS: Daga Bargar Belair Zuwa Duwatsun Dutse

Farautar ajiya wasa ne na fita da zagaye wanda ake yi da wayar hannu ko wata na'ura mai kama siginar GPS. Wani zai ɓoye ƙaramin mazubi a wani wuri, ya ɗauki lambobin da ke nuna wurin a doron ƙasa, ya sa su a intanet. Wani kuma, wanda wataƙila ko a hanya ba su taɓa haɗuwa ba, zai bi lambobin har ya gano mazubin, ya rubuta sunansa da kwanan wata a ɗan littafin da ke ciki, ya mayar da komai yadda ya tarar. A duniya an san wasan da sunan jiyokashin. Babban shafinsa shi ne Geocaching.com, inda ake da rajistar ajiya sama da miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Abin da ke cikin mazubin bai taka kara ya karya ba: littafin sa hannu, fensir, wani lokaci da 'yan kayan wasan yara ko tsabar kuɗin wata ƙasa. Darajar wasan tana ga wurin da aka kai mai nema. Masu ɓoyewa kan zaɓi inda suke son a je a gani, kamar kan tsauni, tsohuwar gada, kufai, ko gonar kiwon dawakin tsere da gari ya girma ya cinye. Saboda haka wasan ya zama wata hanya mai arha ta tuna wa mutane tarihin da ke bayan gidajensu. Ƙasar Dutse ta Jihar Jigawa, mai duwatsu da fada da dawaki, tana da duk abin da irin wannan wasa ke bukata.

Yadda waya ke sanin inda take

GPS tsari ne na taurarin ɗan'adam mallakin gwamnatin Amurka, wanda ma'aikatar tsaron ƙasar ta kafa domin sojoji. An harba tauraro na farko a 1978, tsarin kuma ya kammala a 1995 da taurari 24. Suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a rana. An jera su ta yadda duk inda mutum ya tsaya a fili, akwai aƙalla huɗu a samansa.

Kowane tauraro na ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito, kuma ba ya daina aiko da saƙon inda yake da lokacin da saƙon ya tashi. Saƙon na tafiya da gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Waya tana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta san nisanta da tauraron. Idan ta sami nisanta da taurari huɗu, lissafi zai ba ta wuri ɗaya tak. Aikin yana son tsanaki ƙwarai, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jefa mutum mita 300 daga inda yake. Wayoyin yanzu kan haɗa da siginar wasu tsare-tsaren: GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na ƙasar Sin. Kama siginar taurarin ba ya cin data ko kati. Sauko da taswira da bayanin ajiya ne ke bukatar intanet.

Ana faɗin wuri da lambobi biyu. Ta farko tana nuna nisansa arewa ko kudu da layin ikweta, ta biyu kuma nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic a Ingila. Garin Dutse yana wajen digiri 11.7 arewa da digiri 9.3 gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, an kuma kasa shi minti 60. Masu farautar ajiya suna rubuta mintin da lambobi uku bayan ɗigo, ta yadda lambar ƙarshe ba ta kai mita 2 ba. Sai dai wayar kanta, ko a fili fetal, takan yi kuskuren kimanin mita 5. Wannan 'yar tazara ita ce ta bar wa ido da basira aikinsu.

Asalin wasan

Kafin shekarar 2000 gwamnatin Amurka tana gurɓata siginar da farar hula ke kamawa da gangan, saboda dalilan tsaro, har kuskure kan kai mita 100. Ranar 1 ga Mayu, 2000, Shugaba Bill Clinton ya ba da sanarwar daina hakan, kashegari kuma na'urorin mutane suka wayi gari da daidaito ninki goma na da.

Ranar 3 ga Mayu wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya so ya gwada abin. Ya ɗauki baƙin bokiti ya zuba littattafai, kaset na bidiyo, 'yan kuɗi, gwangwanin wake da danƙon harbi, ya haɗa da littafin sa hannu, ya ajiye a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, sannan ya sa lambobin wurin a intanet. Cikin 'yan kwanaki aka gano bokitin. Wani mai suna Mike Teague ne ya fara sa hannu. Ranar 2 ga Satumba na shekarar wani mai suna Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da ajiya 75 kacal. Kamfanin Groundspeak da ke birnin Seattle ne ke gudanar da shi har yau. Rajista kyauta ce, akwai kuma ta biyan kuɗi ga mai son ƙarin hidima.

Tunanin ya girmi GPS. Tun 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, cikin dajin Dartmoor na Ingila, domin duk wanda ya iya kaiwa can ya bar katinsa. Daga nan aka sami wasan neman akwati da kwatance da kamfas. Asali dai wasan ɓuya ne irin na dandali, sai dai filinsa ya zama duniya baki ɗaya, wanda ya ɓoye kuma ba ya nan balle ya ce an kusa ko an yi nisa.

Ƙa'idoji da ire-iren ajiya

Ƙa'idar farko ita ce sa hannu: wanda bai rubuta sunansa a littafi ba, ba a lissafa ya gano. Ta biyu, wanda ya ɗauki wani abu daga mazubin sai ya bar wani mai daraja daidai da shi ko fiye. Ta uku, a mayar da mazubin inda aka same shi, a rufe shi yadda aka tarar. Bayan haka mai nema yakan koma shafin ya rubuta cewa ya gano ko bai gano ba. Rahoton rashin ganowa ma yana da amfani, domin in ya yi yawa mai ajiya zai san wani abu ya sami kayansa.

Mai ɓoyewa shi ma yana da nasa sharuɗɗa. Ba a binne ajiya, ba a haƙa rami dominta. Ba a sa abinci, ko makami, ko ƙwaya, ko wani abu mai kama wuta. Dole a sami izinin mai wurin. Tsakanin ajiya da ajiya sai an bar mita 161. Kafin a wallafa sabuwar ajiya, wani ɗan sa-kai mai tantancewa zai duba ko ta cika ƙa'ida. Kowace ajiya tana da maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na wahalar ganowa, ɗaya na wahalar hanya. Hanya mai maki 1 ko mai keken guragu zai iya binta. Mai maki 5 sai da igiyar hawa ko kwalekwale.

Mafi yawan ajiya ita ce ta kai tsaye, wadda lambobin da aka bayar su ne na mazubin. Akwai mai zango-zango: lambobin farko su kai mutum wani wuri inda zai karanta, misali, shekarar da aka rubuta a jikin gini, ya yi lissafi da ita ya fitar da lambobin zango na gaba. Akwai ta wasa ƙwaƙwalwa, wadda sai an warware wata matsala tun daga gida kafin a san inda za a dosa. Akwai kuma wadda ba ta da mazubi sam, wato EarthCache, da aka fara a 2004 tare da ƙungiyar masana ilimin ƙasa ta Amurka. A nan mutum zai je ya duba dutse ko kwazazzabo, ya amsa tambayoyin da sai wanda ya je ya gani zai iya amsawa. Girman mazubi yakan fara daga wanda bai fi kan ɗan yatsa ba, mai maganaɗisu, har zuwa bokiti. Wasu kayan kuma matafiya ne: suna da lamba ta musamman, ana ɗauke su daga wannan ajiya zuwa waccan, mai su yana bin tafiyarsu a intanet ƙasa bayan ƙasa.

Mita goman ƙarshe

Daga nesa aikin ba wuya. Manhaja tana nuna kibiya da nisa: saura mita 800, saura 300, saura 50. Da an shigo cikin mita 10 sai kibiya ta fara rawa, ta nuna gabas, ta juya ta nuna yamma. A gindin manyan duwatsu irin na Dutse abin ya fi tsanani, domin dutse yana tare wani sashe na sama, sigina kuma tana bugun jikinsa ta dawo kafin ta shiga waya, sai lissafi ya karkace. Gwanaye kan sa wayar a aljihu a wannan gaɓa, su tambayi kansu: in ni ne mai ɓoyewa, ina zan sa?

Daga nan sai lura. Tarin ƙananan duwatsu uku da ba ruwa ne ya tara su ba. Guntun itace da aka tokare bakin kogo da shi. Tsaga a jikin dutse wadda hannu zai iya shiga amma ruwan sama ba ya kaiwa. Mai nema zai fara zungura da sanda kafin ya sa hannu. In ya ciro mazubin, sai ya ɗan ja gefe don kada masu wucewa su gane maɓoyar, ya buɗe, ya karanta sunayen waɗanda suka riga shi, ya ƙara nasa. Sau da yawa shafin ajiyar yana ɗauke da labarin wurin, kuma a nan ne mutum ke gano cewa filin da yake tsaye a kai yana da tarihi.

Belair: gonar dawaki a tsakiyar unguwa

Garin Bowie a jihar Meriland ta Amurka, tsakanin Washinton da Annapolis, misali ne na irin wuraren da wannan wasa ya dace da su. Yau gari ne na gidajen ma'aikata, amma a tsakiyarsa akwai Belair, ɗaya daga cikin tsofaffin gonakin kiwon dawakin tsere na Amurka. An gina babban gidan wajen 1745 domin Samuel Ogle, gwamnan Meriland a zamanin mulkin Ingila. A 1747 Ogle ya shigo da ingarma Spark da goɗiya Queen Mab daga Ingila. Bayansa Benjamin Tasker ƙarami ya kawo goɗiya Selima, wadda a 1752 ta je Bajiniya ta kayar da dawakin can a tseren mil 4, abin da ya sa sunan Belair ya fita.

Uban Selima shi ne Godolphin Arabian, ɗaya daga cikin ingarmu uku da duk dawakin tsere na jinsin Ingila ke komawa gare su ta wajen uba. Sauran biyun su ne Byerley Turk da Darley Arabian. Ta Tunis Godolphin ya bi ya shiga Faransa, daga can ya isa Ingila, kuma masana da yawa na ganin dokin Barbar ne na Arewacin Afirka, jinsin da fatake suka riƙa ƙetarowa da shi Sahara zuwa Barno da ƙasar Hausa.

A 1898 James T. Woodward, wani ma'aikacin banki, ya sayi Belair, aka gina bargar dutse a 1907. Ɗan ɗan'uwansa William Woodward ya gaje shi a 1910 ya kai gonar ƙololuwa. Dokinsa Gallant Fox ya cinye manyan tsere uku na Amurka, wato Kentucky Derby, Preakness da Belmont, a 1930. Ɗan Gallant Fox mai suna Omaha ya maimaita a 1935, kuma har yau su kaɗai ne uba da ɗa da suka yi wannan bajinta. Nashua, gwarzon dokin shekarar 1955, shi ma na Belair ne. A shekarar ce William Woodward ƙarami, wanda ya gaji gonar daga mahaifinsa, ya rasu, aka watse da dawakin. A 1957 kamfanin Levitt and Sons ya sayi filin, sama da eka 2,000, ya yanka shi ya gina dubban gidaje.

Abin da ya tsira shi ne babban gidan da bargar, waɗanda hukumar garin ta mayar gidajen tarihi, sai sunan Gallant Fox a jikin wani titi. Mutum na iya shekara da shekaru yana zaune a kan tsohuwar makiyayar dawakin bai sani ba. Ajiya mai zango-zango tana maganin wannan: ta tsayar da shi gaban barga ya karanta allo, ta sa shi ƙirga ƙofofi ko ya nemo shekara, ta bi da shi ta tsohuwar hanyar gona kafin ya kai ga mazubi.

Doki a ƙasar Dutse

A ƙasar Hausa tarihin doki yana fada ne, da fagen yaƙi, da filin sukuwa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wajen ƙarshen ƙarni na 14 zuwa farkon na 15, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali na ƙarfe, kayan da suka mai da barade ƙashin bayan runduna. Sarautu irin su Madaki, Sarkin Dawaki da Ubandawaki sun samo asali daga jagorancin mahaya, Shamaki kuma shi ke kula da bargar sarki. Ƙarfin Haɗeja a zamanin Sarki Buhari a ƙarni na 19 ya dogara ne ƙwarai a kan dawaki, kuma a 1906 Sarki Muhammadu Mai Shahada da jama'arsa suka tari sojojin Turawa a birnin.

Da yaƙi ya kau, doki ya koma na hawa da ado da wasa. An yi manyan hawan daba a Kano a 1925 domin Yariman Ingila, a Kaduna a 1956 domin Sarauniya Elizabeth, da kuma a 1977 lokacin bikin FESTAC. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Masarautun Jigawa biyar, wato Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim, kowace tana da nata hawan. A Dutse sarki yana fitowa daga fadarsa a Garu, unguwar da duwatsu suka kewaye, tare da hakimai daga Birnin Kudu, Gwaram, Kiyawa, Jahun, Buji da Miga, a yi hawan salla, a kuma yi hawan bariki inda ake kai wa gwamna gaisuwa.

Hawan yini ɗaya ne ko biyu, amma hidimar doki ta shekara ce. Ɗan barga yakan tashi da asuba ya share turke, ya kwashe kashi, ya zuba harawar wake ko ta gyaɗa, ya jiƙa dusa da kanwa, a ba da gero ko dawa gwargwadon aikin da dokin ke yi. Da yamma a yi wanka, a goge jiki, a fita kilisa don kada ƙafa ta yi sanyi. Masu doki suna kiran dawaki da launinsu: akawal baƙi, kili fari, da biɗi, da danda, da hurde. A bayan kowane mahayi akwai baduku mai ɗinka ragama da kayan ado, da maƙeri mai linzami da likkafa, da mai haɗa sirdi. A arewacin jihar, kasuwar Maigatari da ke bakin iyakar Nijar tana ci ranar Alhamis, ana kuma sayar da dawaki da raƙuma tare da shanu.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birni. An gina sakatariya da rukunin gidaje, an kafa Jami'ar Tarayya a 2011, an yi filin jirgin sama. Gari mai irin wannan girma yakan haɗiye gonaki da burtali da filayen da ake kilisa, kuma wuraren doki ba su cika barin gini mai daɗewa ba: turke itace ne, barga ta ƙasa ce ko ta zana. Da dattawan da suka san wurin sun kau, sai wurin ya tafi da su. Ɗaukar lambobin GPS na irin waɗannan wurare, tare da rubuta abin da dattawa suka faɗa a kansu, aiki ne da wayar hannu ɗaya za ta iya yi.

Wuraren da suka dace

Hanyar da sarki ke bi ranar hawa ta dace da ajiya mai zango-zango, daga filin idi zuwa ƙofar fada, kowane zango da bayaninsa: inda hakimai ke jiran sarki, inda ake jahi, da yadda ake jera tawaga. Ba sai an ɓoye komai kusa da fada ba. Tambayoyi sun isa, mazubin ƙarshe kuma a ajiye shi nesa, wurin wanda ya yarda ya kula da shi. Haka unguwannin dukawa da maƙera, da tsofaffin rijiyoyin da ake shayar da dabbobi.

Duwatsun da suka ba garin suna sun dace da ajiyar da ba ta da mazubi. Mai nema zai iya duba yadda zafin rana da sanyin dare da ruwa suke ɓare fatar dutse, ko yadda wani ƙaton dutse ya zauna a kan wani. Gonakin dabino na Dutse, inda cibiyar binciken NIFOR ke da reshe, wani zango ne mai darasi.

A Birnin Kudu akwai zane-zanen da mutanen da can suka yi a jikin duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, galibi na shanu, tare da duwatsu masu amo idan an buga su. Wani masani mai suna Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950, kuma suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Nan wuri ne na kallo da tambaya kawai. Ba a ɓoye mazubi a ciki, ba a taɓa zanen, ba a watsa masa ruwa don hoto ya fito.

Izini, tsaro da yanayi

Da ɗan gari akan ci gari. Kafin a ajiye komai sai a sanar da mai unguwa ko dagaci, da mai gona ko mai fili, a nuna musu mazubin da abin da ke ciki. A Arewacin Nijeriya mutane sun ga tashin bama-bamai, don haka baƙon da ke laluben gindin gini da waya a hannu zai jawo zargi, kuma da hujja. Wasu kuma za su ɗauka asiri ake binnewa. Saboda haka mazubi ya zama na roba mai nuna abin da ke ciki, a rubuta a jikinsa da Hausa cewa kayan wasa ne. A nisanci barikin soja, ofishin 'yan sanda, filin jirgi, makarantu, masallatai, maƙabartu da gine-ginen gwamnati. Idan an tambayi mai nema abin da yake yi, ya faɗi gaskiya ya nuna wayarsa.

Barga ma tana da ladabinta. Ba a shiga sai da sallama da izinin mai doki. Ba a zagayawa ta bayan doki, ba a ba shi abinci ba tare da sanin ɗan barga ba, ba a kuma ɓoye komai inda dabba za ta iya tauna ko haɗiyewa.

Yanayi yana da nasa hukunci. Ranar Maris da Afrilu tana gasa roba har ta tsage, don haka inuwa ake nema. Damina tana cika kogo da ruwa, ciyawa ta rufe hanya, dutse ya yi santsi. Gara tana cin takarda, shi ya sa ake sa littafi a leda mai zif, a kuma yi amfani da fensir maimakon biro da ke bushewa. Mazubin ƙarfe ba ya daɗewa inda 'yan gwangwan ke yawo. Tsagar dutse gidan kunama ce da maciji. Lokacin da ya fi dacewa da fita shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sassafe ko bayan la'asar, da takalmi mai rufi da ruwan sha da cikakken caji, kuma mutum biyu sun fi mutum ɗaya.

Amfani ga makarantu da kula da ajiya

Malamin labarin ƙasa zai iya koyar da layukan taswira a fili maimakon kan allo: ya ɓoye katuna a harabar makaranta, ya raba wa ɗalibai lambobi, kowane rukuni da waya ɗaya. Wannan ba ya bukatar rajista a wani shafi. Malamin tarihi zai iya tura ɗalibai su tambayi dattawa inda tsohon filin sukuwa ko bargar hakimi take, su ɗauki lambobi, su rubuta labarin. Ƙungiyoyin mahaya da 'yan sikawut da ɗaliban jami'a za su iya haɗa irin wannan bayani ya zama taswirar gari. Ƙwarewar da ake samu ita ce dai wadda ake amfani da ita wajen awon gona, rajistar filaye da ayyukan rigakafi. A al'adar wasan kuma, tun 2002 ake shirya ranakun da masu farauta ke fita su kwashe shara a wuraren da suke ziyarta.

Wanda ya ɓoye ajiya ya ɗauki amana. Shi zai riƙa leƙawa lokaci-lokaci, musamman bayan damina, ya sauya littafin da ya cika ko ya jiƙe, ya maye mazubin da ya fashe, ya gyara bayani idan wurin ya canza. Shi ya sa ake son mutum ya ɓoye kusa da inda yake zaune, kuma ya fara gano na wasu kafin ya yi nasa. Idan mai fili ya janye izini, ko aka fara gini a wurin, ko shi mai ajiyar zai bar garin, sai ya ɗauke kayansa ya rufe shafin, ko ya miƙa kulawar ga wani da ya amince.